Harsashin da Aka Wanke

Shagon Mai Agogo bai fi mutum biyu su tsaya a ciki ba, kuma na biyun sai ya karkace. Tebur ɗaya ne mai tsayi har ƙirji, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da durowoyi cike da ƙananan kaya waɗanda in ka yi atishawa kusa da su sai a wuni ana nema. Bango duk agogo ne, yawanci na mutanen da suka kawo gyara suka manta. Dukansu lokaci ɗaya suke nunawa, don shi ba ya iya zama ɗaki ɗaya da agogon da ke ƙarya.

Tun yana saurayi yake wannan aiki. Yanzu kai ya yi fari, mutane kuma sun koma duba lokaci a waya, amma ba a rasa mai kawo agogon da uba ya bari, ko wanda miji ya saya tun ana ganin juna da kunya. Aikin ya ishe shi. Da safe ya share ƙofa, ya kunna fitila, ya maƙala madubinsa mai ƙara girman abu a ido ɗaya, shi ke nan duniya ta koma faɗin tafin hannu. Bai taɓa son ta fi haka ba.

Alkawari ɗaya ya ɗaukar wa kansa. Maigidan da ya koya masa sana'a ya tsufa a kan tebur, hannu na rawa, yana ƙin yarda. Mai Agogo ya ga ranar da tsohon ya karce fuskar agogon wata mata da hantsaki, ya kuma dube ta ya ce da ma haka ta kawo shi. Tun daga nan ya yanke cewa shi ba zai kai wannan matsayi ba. Ranar da hannunsa ya soma rawa, ranar zai rufe shago. Matsalar ita ce a kan tebur hannu na iya ɓoye laifinsa. Ka jingina gwiwar hannu, ka riƙe numfashi, ka yi shekara kana yaudarar kanka. Takardar harbi ba ta da wannan kara. Shi ya sa ya mai da ita alƙalinsa, kuma duk gidan sun san da haka.

Kowace Asabar yakan rataya bindigarsa a jaka ya tafi filin ƙungiyar masu harbi, bayan wani tsohon sito, inda aka tara tudun yashi a ƙarshen fili. Bindigar iska ce, ba ta da albarushi. Iska ce kawai ke tura ɗan harsashin dalma wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ba su harbin komai sai takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya. Shekara da shekaru, in Mai Agogo ya gama, yatsa ɗaya kan rufe duk ramukan da ya yi.

Abokin harbinsa Dogo ne, tsohon ma'aikacin hasashen yanayi. Gajere ne ƙwarai, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Yau iska daga hagu take," in ji Dogo, yana ɗaga jiƙaƙƙen yatsa sama.

"To daga dama take ke nan," in ji Mai Agogo. "Kai da ka yi rayuwarka kana cewa za a yi ruwa, mata na shanya."

"Ka ji tsoron Allah, tsoho. Sau nawa na ce za a yi aka yi?"

"Da damina."

Haka suke tun da suka san juna. Sai dai a 'yan makonnin nan wasan ya ragu, don takardar Mai Agogo ta canza. Ramukan sun daina taruwa. Ɗaya sama, ɗaya can gefe, wani ma ya bar baƙin gaba ɗaya. Ya goge bututun bindiga, ya gyara saiti, ya sa aka duba masa tabarau. Ya daina shan shayi ranar Asabar. Babu abin da ya sauya.

Harsashi kam bai ko kawo shi a rai ba, don a duk filin babu mai irin nasa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aikin jinya, ta saya masa injin wanke kayan agogo don ya huta da goga da burushi. Ɗan kwando ne na waya, a zuba kaya a ciki, ya yi ta juyi cikin ruwan wanki har su fito fes. Da ma ƙurar dalmar da ke zuwa cikin gwangwanin harsashi ta daɗe tana damunsa, tana baƙanta masa yatsu. Wata ranar Juma'a da aiki ya yi sauƙi sai ya juye gwangwani guda cikin kwandon. Suka fito suna ƙyalli. Daga nan ya mai da abin al'ada. A iya saninsa na sana'a, babu abin da wanki ya taɓa ɓatawa.

"Wannan harsashi naka har kashe ido yake," Dogo ya ce da ya fara ganinsu. "Harbi za ka yi, ko 'yan kunne za ka yi wa Malama?"

Malama matarsa ce. Ta yi ritaya daga koyarwa, amma sunan bai yi ba. Wata Asabar da yamma ya same ta tana guga a falo, ya ajiye takardar ranar a kan kayan da ta ninke.

"Malama, zan rufe shago."

Ta kifa dutsen guga, ta ɗaga takardar wajen taga. Haske ya shigo ta ramukan nan da can.

"Kamar ɓera ya ci," ta ce. "To, ka rufe ka zauna min a gida ina share ƙarƙashin ƙafarka? Malam, ni ban ga hannunka na rawa ba. Jiya kai ka zura min zare a allura."

"Zare ba agogo ba ne."

"Takarda ma ba agogo ba ce."

"Na riga na faɗa tun ba yau ba."

Ta san shi. Ta koma kan gugarta, sai dai ta daɗe a kan wuyan riga ɗaya.

Auta ta biyo bayan ta tashi daga aiki, da kayan asibiti a jikinta. Ita ba ta ɓoye jin daɗinta ba. Ta daɗe tana ƙorafin bayansa da ya soma ranƙwafawa, da idon da ke wuni a matse.

"Alhamdu lillahi. Baba, wallahi ka yi wa kanka adalci. Ka huta haka nan. Akwai wani mai sayar da waya da ke neman wuri a layinku, ƙanin wata ce da muke aiki tare. Yaron kirki ne. In ce ya zo ya gani?"

"Ce masa ya zo."

"Ba za ka canza magana ba?"

"Kin taɓa jin na canza?"

"Sau ɗaya," in ji Malama daga wajen guga. "Ya ce ba zai taɓa riƙe waya ba."

Bai yi baƙin ciki irin wanda ya zata ba. Ya shiga kiran masu agogon bango ɗaya bayan ɗaya su zo su kwashi kayansu. Wasu sun rasu, sai 'ya'yansu suka zo. Ayyukan da ya riga ya karɓa ya gama su a hankali, yana duba kowanne sau biyu, yana neman karcen da bai samu ba. Sabon aiki kuwa ya daina karɓa. Da safe ne kawai, in ya maƙala madubi a ido, yakan ɗan tsaya kafin ya ɗauki hantsaki, kamar mai sauraron wani abu a cikin yatsunsa.

Asabar ta ƙarshe kafin mai waya ya zo, ya tafi fili da bindiga da gwangwanin harsashi cike. Bai buɗe jakar a bencinsa ba. Ya ɗora ta gaban Dogo.

"Taka ce."

"Ni ba na cin gadon mai rai."

"Karɓi, malam. In na bar ta a gida Malama za ta rataya shanya a kanta."

Dogo ya yi ta gunaguni, amma idonsa na kan bindigar, don ya daɗe yana sha'awarta. Ya zauna, ya gyara jakar yashi a ƙarƙashinta, ya buɗe gwangwanin nan mai ƙyalli ya ɗauki ɗaya. Ya harba. Ya sake. Ya yi ta yi har ya ga ya isa, sannan da aka ba da izinin shiga fili ya je ya ciro takardar. Ya dawo yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"Amma kai mugu ne. Da ma bindigar ce ta mutu, shi ne ka kawo min gawa in binne maka?"

Mai Agogo ya karɓi takardar. Ɗaya sama, ɗaya can gefe. Da ba a gabansa aka yi ba, da ya rantse tasa ce.

"Kai ma hannunka ya tafi," ya ce, amma muryarsa ba ta yarda da maganar ba.

"Hannuna lafiyarsa lau. Ga tawa ta ɗazu can, je ka duba."

Dogo ya zauna yana kallon bindigar. Can ya ture gwangwanin mai ƙyalli gefe, ya jawo nasa, tsohon gwangwani mai harsasai baƙi-baƙi da ƙurarsu. Ya sa sabuwar takarda. Wannan karon ramukan suka hau kan juna, suka zama rami ɗaya mai ɗan faɗi.

 Mai Agogo ya laluba aljihun rigarsa, ya ciro madubin aiki, wanda ko masallaci da shi yake zuwa. Ya maƙala a ido, ya ɗauki harsashinsa ɗaya ya juya gindinsa sama.

Irin wannan harsashi kansa dunƙulalle ne, yana da siririn ƙugu a tsakiya, gindinsa kuma buɗe yake kamar siket, bakinsa siriri. Na Dogo bakin siket ɗin zagaye yake cif. Nasa kuwa ya lotsa a gefe ɗaya, lotsawar da ido tsirara ba zai gani ba. Ya ɗauki wani. Wannan ya zama kamar ƙwai. Na uku kansa ne ya sami tabo. Duk suna ƙyalli.

"Me ka yi musu?" in ji Dogo.

"Wanke su na yi."

"Da me?"

"A injin da Auta ta saya min."

"Mai juyawa?"

"Mai juyawa."

Dogo ya kwantar da kai a kan benci ya yi dariya har sai da mai kula da fili ya leƙo. Da ya samu numfashi ya share hawaye, ya ɗauki harsashi ɗaya tsakanin yatsu biyu. Da ma abin da ya fi so a duniya shi ne a ba shi dama ya yi bayanin iska.

"Dalma ce fa, tsoho, farce ma lotsa ta yake. Ka zuba ɗaruruwa a kwando suna dukan juna. Ka san aikin siket ɗin nan? A cikin bututu shi ke toshe iska kada ta wuce ta gefe, shi ke kama zanen da ke ciki har harsashin ya fito yana juyi. In ya lotsa, lokacin da zai bar bakin bindiga iska za ta riga fita ta gefen da ya lotsa, ta ture shi. Tun daga nan ya karkace. A hanya kuma iskar waje ke riƙe siket ɗin ta baya, kai ya tsaya a gaba. In ta fi riƙe gefe ɗaya, sai ya tafi yana lilo. A kusa ba za ka gani ba. Kafin ya kai can, ya bar hanya."

"Kuma kowanne lotsawarsa daban."

"Shi ya sa kowanne ya kama gabansa. Ai ko lafiyayyu ne, siffa na da magana. Mai faffaɗan kai yana yanka takarda da kyau a kusa, amma in tafiya ta yi nisa iska ta gajiyar da shi. Mai tsini kyan gani ne kawai, in tsinin bai zauna daidai tsakiya ba ya fi kowa yawo. Dunƙulallen nan shi ne ɗan halak. Shi kuma ka kama ka yi masa wanka."

Mai Agogo bai cire madubin ba. Abin da ya ba shi haushi shi ne ya san wannan magana tun kafin Dogo ya san iska. A cikin kowane agogo akwai ɗan gargare mai kai da komo, wanda in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi da ƙwayar ƙura, agogon zai yi gudu a kwance ya yi jinkiri a tsaye. Ya yi rayuwarsa yana daidaita irin wannan. Bai taɓa tunanin ya ɗora madubi a kan harsashi ba, saboda harsashi na ranar hutu ne.

"Ba ni naka," ya ce.

Ya zauna a bencinsa. Ya ɗora kunci a kan katakon bindiga, ya saki rabin numfashi, ya ja kunama a hankali. Bai yi sauri ba. Da ya gama shi da kansa ya je ya ciro takardar. Ramukan sun taru a cikin baƙi, yatsa zai rufe su, ban da guda ɗaya da ya fita ƙasa kaɗan.

"Iska ce," in ji Dogo. "Na ji ta taso daidai lokacin."

"Ba iska ba ce. Wannan nawa ne. Na ji lokacin da na fizge."

"To, ɗaya. Ɗaya ai ko kana saurayi kana yi."

"Ina yi."

Ya mai da bindigar cikin jaka ya rataya a kafaɗa.

"Kai, ina za ka da bindigata?" in ji Dogo.

"Ka ce ba ka cin gadon mai rai. Ga gwangwanin nan na bar maka."

Ranar Litinin da hantsi Auta ta zo shago da mai waya. Saurayi ne mai ladabi, da abin awo a hannu. Ya gaida Mai Agogo har da rusunawa, sannan ya shiga kallon bango yana lissafin inda zai kafa katako.

"Samari, kafin ka wahalar da kanka, ka yi haƙuri. Ba zan tashi ba."

Auta ta juyo. "Baba!"

Ya ba su labarin a taƙaice, bai rage wautarsa ba. Ya ciro harsashi ɗaya da ya ajiye a durowa, ya miƙa wa Auta tare da madubi. Ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Wato injina ne."

"Injinki lafiyarsa lau. Mai injin ne."

Mai waya ya yi ƙoƙarin danne dariya, abin ya gagara. Ya ce ba komai, Baba, Allah ya ƙara lafiya, akwai wani wuri a ƙasan layi da zai duba. Ya naɗe abin awonsa ya fita, ya bar uba da 'ya a shagon da da ƙyar ya ɗauke su.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jakarta a kan kujera.

"Ni ba ruwana da takardarku. Miƙo hannuwanka. Duka biyu. Buɗe yatsun."

Ya miƙa. Ta yage fallen takarda daga kalandar bango ta ɗora a bayan hannunsa na dama, ta sunkuya tana kallon gefen takardar. Ta mai da shi na hagu. Ta sa ya taɓa hancinsa da yatsa, ya taɓa yatsanta, ya sake taɓa hanci. Wani mai wucewa ya tsaya yana kallonsu ta ƙofa.

"Yaya?" ya ce.

"Akwai ɗan motsi a na hagu. Kaɗan ne. Na shekaru ne, ba na ciwo ba." Ta cire takardar. "Na dama kuwa ya fi nawa lafiya."

"To."

"Ba to ba. Daga yau ni ce mai dubawa, ba Baba Dogo da takardarsa ba. Duk wata zan zo. Ranar da na ce ya isa, ya isa."

Ya auna maganar. Idon ma'aikaciyar jinya ne, kuma ba ta taɓa sassauta masa ba ko a kan gishiri.

"Na yarda."

"Kuma da la'asar ka rufe. Bayan nan naka ba na ƙarfe ba ne."

"Da magariba."

"Da la'asar, Baba."

"Uwarki ba za ta gode miki ba."

"Ita ta daɗe tana cewa in faɗa maka."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta yi karo da wata dattijuwa da ke riƙe da agogon tebur a cikin leda, tana tambaya ko nan ne aka ce mai gyara ya daina karɓar aiki. Auta ta waiwaya ta dubi ubanta, ta matsa gefe ta ba matar hanya.

"Shigo, Hajiya," in ji Mai Agogo, yana jawo fitila kusa. "Me yake yi, gudu ko jinkiri?"